Idan an ga baƙon furotin a jininka kuma ƙoda ta fara yoyo: matakan da za ka bi

Wannan rubutun na wanda likita ya duba takardar gwajinsa ne ya ce masa akwai wani furotin a jininka da bai kamata a gan shi haka ba, a lokaci guda kuma fitsarinsa na kumfa, ƙafa na kumbura, ko lambar kiriyatinin ɗinsa, wato gwajin jini mai nuna ƙarfin ƙoda, na ta hawa an rasa dalili. Ko kuma kai ne mai jinya, babanka ne ko mamarka, ko mijinki ne 'yar'uwa kike ta bin sa asibiti da jakar takardu. Ciwon da nake magana a kai, MGRS, wato baƙon furotin na lalata ƙoda, ba mai yawa ba ne a cikin mutane, shi ya sa ake daɗewa ana zagaye kafin a kama shi, a yi ta canza maganin hawan jini ana ƙara na sa fitsari, wata shida ya wuce shekara ta wuce, ita kuma ƙoda tana can tana lalacewa a hankali ba ciwo ba zogi. Wannan jinkirin shi ne abin da ya fi damuna, dan naman ƙodar da ya riga ya mutu ba ya dawowa.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a jikin, dan in ba ka gane shi ba ba za ka san tambayar da za ka yi wa likita ba. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin da ake kira filasma, aikinsu ƙera sinadaran garkuwar jiki masu yaƙar cuta. Kowane sinadari ɗaya yana da sarƙa huɗu, biyu manya biyu ƙanana, su ƙananan kuma iri biyu ne, kappa da lambda, riƙe sunayen nan biyu dan za ka yi ta ganinsu a takardu. To wani lokacin sai ƙwaya ɗaya ta kauce ta riƙa hayayyafa, duk 'ya'yanta suna fitar da furotin iri ɗaya sak, ba ya yaƙar komai sai yawo a jini. In suka yi yawa suka cika ɓargo suna cin ƙashi, wannan ita ce miyeloma, kansar ɓargo. In kuma kaɗan ne, ba su kai kashi 10 cikin 100 na ɓargon ba, furotin ɗin bai kai giram 3 a kowane desilita na jini ba, kuma ba su taɓa wata gaɓa ba, sai a rubuta MGUS, wato baƙon furotin da ba a ga illarsa ba tukuna. Robert Kyle na asibitin Mayo a Amurka ne ya sa masa wannan sunan a 1978. Kuma ba abin mamaki ba ne a gan shi, a binciken da aka yi a jihar Minesota an samu kusan mutum 3 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 50 suna da shi, kusan 5 cikin 100 na waɗanda suka haura 70, a baƙar fata kuma ya ninka haka sau biyu zuwa uku. Kusan mutum 1 cikin 100 ne nasa ke juyewa ya zama kansa a kowace shekara, shi ya sa ba a ba da magani, sa ido kawai ake yi.

Matsalar ita ce akwai waɗanda ƙwayoyin nasu 'yan kaɗan ne ƙwarai amma furotin ɗin da suke fitarwa mugu ne ga ƙoda, yana maƙalewa a matatarta ko ya taru a 'yan bututunta ko ya tayar da kumburi. Shekaru da yawa irin waɗannan mutanen suna faɗawa tsakani, likitan jini ya ce ai wannan ba kansa ba ce ba zan ba da kemo ba, likitan ƙoda ya ce ni kuma tushen ciwon ba a wajena yake ba. Sai a 2012 wata ƙungiyar likitocin ƙoda da na jini daga ƙasashe daban-daban, IKMG, ta ware shi da sunansa, MGRS, dan a daina jira. Bambancin harafi ɗaya ne a takarda amma shi ke raba wanda za a ce ya dawo bayan shekara da wanda ya kamata a fara masa magani yanzu.

Tattara takardunka kafin ranar ganin likita

Duk wani tsohon sakamakon kiriyatinin da na fitsari da kake da shi, ko na shekara biyar da suka wuce ne, nemo shi ka jera bisa kwanan wata. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai sosai, yadda take tafiya shi ne labarin. Ka rubuta duk maganin da kake sha har wanda ka saya da kanka na ciwon jiki, da duk wani haɗin ganye ko na ƙarin kuzari, kar ka ɓoye dan kunya.

Sannan akwai abubuwan da mutane ba sa faɗa saboda suna ganin ba su da alaƙa da ƙoda, alhali su ne ke haska wa likita hanya. Kumfar fitsari mai kauri da ba ta bajewa ko an daɗe. Kumburin ƙarƙashin ido da safe, da yamma ya koma ƙafa har ka danna yatsa ya bar rami. Jiri in ka miƙe tsaye. Mutumin da ya yi shekaru da hawan jini kawai sai jininsa ya riƙa sauka da kansa har ana rage masa magani, iyali na murna, wannan fa a gaya wa likita dan yana iya zama alamar amiloyid, wato furotin ya dunƙule ya taru a gaɓoɓin jiki. Harshe ya yi girma har shatin haƙora na fitowa a gefensa, tabo mai duhu kamar an naushe ka a zagayen ido ba tare da ka bugu ba, hannaye biyu na yin mutuwa ko tsira-tsira da dare, haki in ka hau bene, rama ba dalili, ciwon ƙashin baya ko haƙarƙari, ɗigo-ɗigo masu duhu a ƙafa da ke ƙaruwa in an yi sanyi. Ba lallai ka ga duka ba, wani ma ko ɗaya ba shi da shi sai lambobin gwaji kawai.

Gwaje-gwajen da za ka tabbatar an yi

Ɗan tsinken takardar nan da ake tsomawa a fitsari ya canza kala, yawanci albumin, furotin ɗin jini na yau da kullum, yake kamawa, ƙananan sarƙoƙin nan suna iya wuce shi bai gan su ba. Dan haka in an ce maka fitsarinka lafiya lau da wannan kaɗai, bai isa ba. A auna yawan furotin gaba ɗaya a fitsari a kuma auna albumin daban, in furotin ya yi yawa amma albumin kaɗan ne to akwai wani abu dabam da ke fita, kuma galibi su ne.

A jini kuma gwaji uku ne ke tafiya tare, kar a yi ɗaya a bar biyu. Na farko SPEP, shi ne mai nuna ko akwai wani tsini da ya fito a jerin furotin ɗin jini. Na biyu wanda ake rubutawa IFE, shi ke faɗin irinsa, IgG ne ko IgA ko IgM, wato ire-iren sinadaran garkuwar, kappa ne ko lambda, kuma ya fi na farko kaifin ido. Na uku FLC, mai auna ƙananan sarƙoƙin da ke yawo su kaɗai. SPEP shi kaɗai yana yawan fitowa tas ga mai amiloyid, mutum ya tafi gida da farin ciki alhali ciwon na nan, wallahi wannan ya jawo wa mutane da yawa asarar lokaci.

A takardar FLC za ka ga kappa, ka ga lambda, ka ga lambar da aka samu in an raba na farko da na biyu. Ga mai lafiyar ƙoda ana sa ran ta faɗa tsakanin 0.26 da 1.65. Amma in ƙoda ta yi rauni dukkansu biyun suna hawa saboda ita ce ke fitar da su, shi ya sa ake faɗaɗa iyakar zuwa 0.37 da 3.1 ga masu ciwon ƙoda. Kenan kar hankalinka ya tashi dan ka ga an yi wa kappa da lambda jan layi su biyun, rinjayen ɗaya a kan ɗaya ake dubawa. Kuma in ka fara a ɗakin gwaji ɗaya ka yi ƙoƙari ka ci gaba a nan, na'urorin sun bambanta, lambar wannan ba ta daidai da ta wancan.

Fitsarin awa 24 kuma mutane da yawa na ɓata shi ba da saninsu ba. Ga yadda ake yi. Ka tashi da safe, a ce ƙarfe 7, wannan fitsarin na farko ka zubar da shi a bayi amma ka rubuta lokacin a jikin robar da aka ba ka. Daga nan duk wanda ya zo, rana da dare, a cikin robar zai shiga, in za ka fita ka tafi da ƙaramar roba mai tsafta ka dawo ka juye, in za ka yi bayan gida ka fara tarar fitsarin tukuna dan a nan ake yawan asararsa. Washegari ƙarfe 7 ka yi na ƙarshe a ciki ka rufe. A aje robar a wuri mai sanyi. In ka manta sau ɗaya ka zubar, ka faɗa a sake, kar ka kai musu rabi a lissafa maka kamar cikakke.

Za a ƙara da kalsiyam, yawan jini, albumin na jini, C3 da C4 waɗanda wasu furotin ne na garkuwar jiki, da gwajin ciwon hanta na B da C da na HIV, kar ka ji wani iri, duk wanda za a binciki ƙodarsa ana masa su, kuma na hantar B dole ne kafin a fara wasu magungunan. In likita na zargin irin furotin ɗin da ke daskarewa a sanyi, kirayogulobulin, to kwalbar jinin sai an riƙe ta da ɗumi daidai zafin jiki, digiri 37, daga hannunka har ɗakin gwaji. In ka ga an ɗiba an aje ta a tire tare da sauran, yi magana cikin ladabi, in ta huce a hanya sakamakon zai fito babu ko da akwai.

Abu ɗaya da ba a jira da shi: in ƙoda ta faɗi cikin kwanaki ko 'yan makonni, fitsari ya ragu, kalsiyam ya hau, jini ya yi ƙasa, ga ciwon ƙashi, wannan ya fi kama da miyeloma da ta toshe bututun ƙoda, kuma a nan kwana ɗaya ma yana da daraja. A tafi sashen gaggawa.

Bayofsi, wato ɗiban ɗan naman ƙoda

Nan ne zan fi daɗewa dan nan ne mutane ke ja da baya. Ganin baƙon furotin a jini tare da ciwon ƙoda ba ya nufin shi ne ya jawo ciwon. Dattijo mai shekara 65 yana iya samun ciwon suga da hawan jini da MGUS duk a jiki ɗaya, kuma sugan ne ke cin ƙodar, furotin ɗin na zaune ba ruwansa. In aka ba wannan bawan Allah kemo an cuce shi. Haka kuma akasin haka na faruwa, akwai wani irin kumburin matatar ƙoda da furotin ɗin ke jawowa, ana kiran sa PGNMID, wanda a yawancin masu shi ba a ganin komai a jini ko a ɓargo, sai a naman ƙodar kawai. Babu gwajin jini ko sikanin da zai raba gardamar nan, sai an ga naman.

Kafin ka sa hannu a takardar yarda, yi wannan tambayar: ina za a kai naman, kuma gwaji nawa za a yi masa? Ana buƙatar uku. Dubawa da madubin likita na yau da kullum, sai gwajin haske da ake rubutawa IF wanda ke nuna ko kappa ce kaɗai ko lambda ce kaɗai ta kwanta a wurin, sai na'urar ilektiron mai nuna siffar abin da ya taru, zare-zare ne ko gari-gari ko bututu. Kowanne da ruwan da ake saka nasa yankin a ciki tun a ɗakin da aka ɗiba, in aka zuba duka a ruwan fomalin aikin ya ƙara wahala. In asibitin ba su da sauran biyun, a shirya tun kafin ranar yadda za a tura wani wurin. Gara a jinkirta da mako ɗaya a shirya da kyau, da a soke ka da allura a fito da rabin amsa. Ka kuma tambaya ko za a sa rinin Congo red, shi ne ke tona amiloyid, yana ba da launin kore in aka haska shi da wani irin haske na musamman.

In an ga amiloyid ma ba a gama ba, sai an san irinsa. Akwai wanda daɗaɗɗen kumburi ko ciwo irin tarin fuka ke jawowa, akwai na gado, waɗannan ba ruwansu da ɓargo kuma kemo ba ya musu komai. Irin AL, wanda ƙananan sarƙoƙin nan ke haifarwa, shi ne namu a nan. Inda aka kasa rabewa akwai manyan ɗakunan gwaji da ke auna furotin ɗin kai tsaye daga naman, ana iya tura musu.

Ranar bayofsi ba abin tsoro ba ce kamar yadda ake zato. Kwanaki kafin nan likita zai ce ka dakatar da magungunan da ke tsinka jini irin su asfirin da warfarin, shi zai faɗa maka yaushe, kar ka yanke da kanka musamman in kana da ciwon zuciya. Dole jininka ya sauka daidai ranar, in ya hau za su ɗaga. Za ka kwanta rub da ciki, a ɗora na'urar sikanin a bayanka a ga ƙodar, a yi allurar kashe zafi, sai a ce ja numfashi ka riƙe, ka ji wani ƙas kamar an danna abu, sau biyu ko uku, shi kenan. Naman da ake cirowa siriri ne kamar zare. Bayan nan ka kwanta rigingine na awanni ana auna jininka ana duba kalar fitsari. Ɗan ja-ja a fitsari ranar farko na iya faruwa, amma gudan jini, ko ciwon kwiɓi mai tsanani, ko jiri, ko kasa fitsari, ka koma nan take. Mako ɗaya zuwa biyu ba ɗaukar kaya mai nauyi. Akwai waɗanda likita zai ce ba za a yi musu ba, misali ƙodar ta riga ta ƙanƙance ta zama tabo, ko an riga an tabbatar da amiloyid daga kitsen ciki ko wani wuri, wannan hukuncinsa ne amma ka nemi ya faɗa maka dalili.

In sakamako ya fito ka karɓi kwafi ka riƙe. Sunan da za ka gani zai iya zama amiloyid na AL, wanda galibi lambda ce, ko LCDD, wato ƙananan sarƙoƙin sun kwanta a naman ƙoda, wanda galibi kappa ce, ko PGNMID, ko ciwon C3, ko wanda ya taɓa bututun farko na ƙoda har suga ke fita a fitsari alhali sugan jini daidai yake, ƙashi na laushi. Bayan sunan, ka tambayi likita: kashi nawa na naman ya riga ya zama tabo? Wannan lambar ce ke nuna abin da za a iya cetowa, kuma da ita ake auna ko magani mai ƙarfi ya cancanci wahalarsa.

Neman tushen

Daga nan sai likitan jini. Zai ɗibi ɓargo daga ƙashin ƙugu ta baya, akwai ɗan zafi na daƙiƙu lokacin zuƙowa, ba zan ɓoye maka ba, amma a ranar kake komawa gida. Ana neman a san ƙwayoyin filasma ne ko kuwa 'yan uwansu ƙwayoyin B, dan maganinsu ba ɗaya ba ne. Za a iya ƙara hoton CT ko PET a duba ƙashi da kaluluwa. In amiloyid ne dole a duba zuciya, da sikanin da gwajin jini na troponin da NT-proBNP masu nuna wahalar zuciya, saboda halin da zuciya ke ciki shi ne ya fi komai nuna yadda ciwon zai kasance da irin maganin da jiki zai iya ɗauka.

Shawarata mai ƙarfi a nan ita ce kar ka bari kai kaɗai ne kake kai saƙo da baki tsakanin likitocin biyu. Nemi kowanne ya rubuta wa ɗayan wasiƙa, ka ɗauki hotonta a waya, ka tambaya ƙarara wane ne a cikinsu ke jan ragamar maganin. Yawancin jinkirin da ake samu a tsakanin ofis biyun nan yake faruwa.

Magani

Za ka ji an ambaci magungunan kansa alhali an ce maka ba kansa kake da ita ba, kar ka rikice. In aka tsaya ga rage kumburi da saukar da jini aka bar ƙwayoyin da ke ƙera furotin ɗin, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ga ƙwayoyin filasma, abin da aka fi amfani da shi haɗin bortezomib da cyclophosphamide da dexamethasone ne, kuma a Janairun 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a ƙara daratumumab a kan wannan haɗin ga masu amiloyid na AL. Ga ƙwayoyin B kuma rituximab ne ginshiƙi. Wanda jikinsa ke da ƙarfi, zuciyarsa lafiya, ana iya ɗibar ƙwayoyin asalin jininsa a aje, a ba shi melphalan mai ƙarfi, sannan a mayar masa da nasa.

Kowanne da abin kiyayewarsa. Bortezomib ba ya buƙatar a rage shi saboda raunin ƙoda, wannan alherinsa ne, amma yana taɓa jijiyoyi, da ka fara jin tafin ƙafa na zafi ko mutuwa ka faɗa a ranar allura ta gaba kafin a yi ta, in aka rage da wuri yana lafawa, in ka daure ka yi shiru yana iya zama na dindindin. Yana kuma tayar da ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke bin gefe ɗaya na jiki, shi ya sa ake haɗa maka acyclovir, kar ka bar shan sa dan ka ga ba ka da ƙurji. Dexamethasone na ɗaga suga, ya hana barci, ya sa saurin fushi, masu jinya ku yi haƙuri ranakun shan sa, maganin ne ba halinsa ba ne. Daratumumab na rikita gwajin dacewar jini, dan haka a tantance rukunin jininka kafin a fara, kuma duk inda za a ƙara maka jini ka faɗa musu kana kan sa ko ka gama kwanan nan. Shi da rituximab suna iya farfaɗo da tsohon ciwon hanta na B da ya kwanta. Lenalidomide kuma in an rubuta maka, ƙoda ce ke fitar da shi, sai an daidaita yawansa da ƙarfinta. Zazzaɓi a lokacin magani ba abin sha wani abu a kwanta ba ne, a je asibiti a ranar. Mace mai shekarun haihuwa, da namiji mai son haihuwa nan gaba, a yi maganar kafin allurar farko.

Ta yaya za ka san yana aiki? Lambar FLC ko tsinin SPEP ke fara sauka, wani cikin makonni. Ƙoda kuma tana biyo baya a hankali, furotin ɗin fitsari na iya ɗaukar watanni da yawa har shekara kafin ya ragu sosai. Dan haka in ka ga wata uku ƙafa na nan a kumbure kar ka yanke ƙauna ka watsar da magani, fara tambayar me jinin ya nuna. In kuwa an yi zagaye biyu ko uku lambar jinin ba ta motsa ba, ka tambaya ko lokacin canza haɗi ya yi. Wanda tun farko ba a ga komai a jininsa ba, da kiriyatinin da furotin ɗin fitsari ake bibiyar sa.

Abin da ke hannunka a gida

Ibuprofen da diclofenac da danginsu, ka rabu da su kwata-kwata, har wanda ke ɓoye a cikin haɗin maganin mura ko na ciwon jiki, karanta jikin kwali. Duk wani jiƙo ko garin da ba a san abin da ke ciki ba, ƙodar da ke fama ba ta da ƙarfin gwaji. In za a yi maka hoton da ake sa ruwan rini ta jijiya, ko allura irin gentamicin, ka fara cewa ina da ciwon ƙoda. Gishiri ƙasa da giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba, har da wanda ke cikin abincin gwangwani da na leda. Ruwa kuma kar ka bi maganar a sha da yawa ko a daina sha, ya danganta da kumburinka da zuciyarka, likita ya faɗa maka adadi. Ka riƙa hawa sikeli kowace safiya bayan fitsari kafin ka ci komai, ka rubuta, in ka ƙara kilo biyu cikin kwana biyu ko uku ruwa ne ya taru, kira asibiti. Ranar da amai ko gudawa suka kama ka, tambayi likita tun yanzu waɗanne magunguna za ka dakatar, musamman na sa fitsari da irin su lisinopril da losartan. Masu amiloyid kuma waɗannan na hawan jinin na iya kayar da su, a auna jini a kwance a kuma auna a tsaye.

In albumin na jini ya yi ƙasa sosai jini na saurin daskarewa a jijiya. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumbura da ciwo, ko numfashi ya sarƙe kwatsam da ciwon ƙirji, gaggawa ce.

Iyali kuma su kwantar da hankali, ba a ɗaukar sa ta cin abinci tare ko kwanciya ko jinya.

In ƙoda ta riga ta gaza

Wani sai an kai ga wankin ƙoda ake gano ciwon. Ko a nan akwai amfanin a san sunansa, na farko dan furotin ɗin na iya taɓa zuciya da hanta da jijiyoyi, na biyu saboda dashe. In aka dasa sabuwar ƙoda ba a kwantar da ƙwayoyin ɓargon ba, ciwon na yawan dawowa a cikinta, wani irin ma cikin watanni, ka ga ɗan'uwa ya ba da ƙodarsa ta tafi a banza. Shi ya sa tsarin shi ne a fara magance jinin, a ga lambobin sun sauka sun zauna, sannan a yi maganar dashe, bayan dashen ma a ci gaba da auna FLC da fitsari a kai a kai. In ka ga alamar za a kai ga wanki, tun da wuri ka roƙi a riƙa ɗiban jini da sa ruwa a bayan tafin hannu, a bar jijiyoyin damtse da na hannun da ba ka aiki da shi, dan su za a buƙata in za a haɗa hanyar wankin. Kuma duk cibiyar dashen da za ka je, ka tafi da cikakken rahoton bayofsin farko da na ɓargo, da jerin duk magungunan da aka ba ka da ranakunsu.